Shafin Farko na Littafin Rahila Tela

Wanda ya bi hanyar bakin gulbi a Malanville, daf da inda mata ke bandar kifi, zai ga wata 'yar rumfar kwano mai labulen shuɗin yadi. A ciki akwai keken ɗinki na ƙafa, da benci guda, da wata gajeruwar mace mai furfura a goshi, almakashi rataye a wuyanta da igiya. Ita ce Rahila Tela. Shekarunta sun haura hamsin. Kirista ce, a unguwar da gidajen Kirista ba su wuce biyar ba. Amma duk masuncin da ka tambaya, daga gadar Gaya har garin Madekali, zai kwatanta maka rumfarta ba tare da ya ɗaga kai daga komarsa ba.

A Dogon Dutsi aka haife ta. Tana da shekara ashirin ta zo Malanville amarya, tare da mijinta Barnaba, kafinta mai buga rufin kwano. Dogo ne, mai yawan dariya, ba ya iya wuce yaro bai tsokane shi ba. Duk rigar da ya sa tun ranar aurensu Rahila ce ta ɗinka, kuma tana da wata ɗabi'a: in ta gama riga, sai ta juya aljihun, ta ɗinka ɗan ƙaramin gicciye da jan zare daga ciki, inda ido ba ya kai.

"Ke Rahila, wa zai gani cikin aljihu?" in ji Barnaba.

"Wanda nika yi dominshi shina gani," in ji ta. "Kai dai sa rigarka."

Shekara goma sha biyu ke nan, a watan Agusta, gulbi ya cika har ya taɓa gonakin shinkafa. Barnaba ya shiga jirgin ruwa da kwanonin rufi, zai je wani tsibiri aiki. Iska ta taso a tsakiyar ruwa, ta shiga ƙarƙashin kwanonin, jirgin ya kife. Su tara ne a ciki. Bakwai suka fita da ransu, aka tsamo gawar ɗaya washegari. Barnaba kaɗai gulbi ya riƙe.

Sarkawa, wato masuntan gado na wannan gulbi, suna da al'adarsu. Gawar da ta kwana biyu a ruwa ba ta jiran dangi. Wanda ya tsince ta zai haƙa rami a tudu, ya rufe ta da mutunci, sannan ya rataya rigar mamacin a itacen da ke kusa, domin jiragen da ke wucewa su gani, labari ya kai gida. Rahila ta san wannan. Don haka ta je wurin Issufu, sarkin ruwan Malanville, ya ba ta jirgi da matuƙi. Kwana arba'in tana bin gaɓa, wuyanta a ɗage, tana duban rassan itatuwa. Ta ga riguna huɗu. Babu ta Barnaba. Biyu daga cikinsu ma rana da ruwan sama sun cinye launinsu, ko uwar da ta haifi mai rigar ba za ta gane ta ba.

Abu guda take so a duniya: ta san inda mijinta yake kwance.

Pasto ya zo gida da dattawan majami'a. "Inna Rahila, bari mu yi mishi sujadar ban kwana, zuciya ta huta."

"Pasto, in yi ban kwana da wa? Nuna mini inda shike, in tsaya a kanshi."

Ita ce a da ke ba da waƙa a zumuntar mata, muryarta har kasuwar albasa ana jin ta ranar Lahadi. Yanzu sai ta koma bencin baya, bakinta a rufe. Ba ta daina zuwa ba, amma zuwan mai jiran a ba ta amsa take yi. Addu'arta duka ta koma kalma huɗu, kowace safiya kafin ta taka keke: "Ina ka kai shi?" Matan zumunta suka yi ta faɗa mata Allah yana da dalili. Ta ce su bar ta, in yana da dalili ya san hanyar rumfarta.

Shekara biyu ta yi a haka.

Mai bandar kifin da ke jikin rumfarta, Karimatu, Musulma ce, Badendiya, mai baki kamar reza da zuciya kamar man shanu. Wata rana da hantsi ta ɗaga labulen a guje.

"Rahila, kawo farin yadi! An tsamo wata ɗiya, babu wanda ya san ta, za a rufe ta yanzun ga."

Rahila ta yago yadi ta bi ta. Mata suka kewaye gawar da zannuwa, suka yi abin da ya kamata. Da aka ajiye zanen yarinyar gefe don a rataya, idon tela ya tsaya a kansa: atamfa ce kore mai zanen tsuntsaye, an yi mata ƙari da wani yadi a baki. Rahila ta tuna rigunan nan biyu da suka koɗe a kan itace. Kafin ta yi shawara da kowa, hannunta ya kai ga almakashi. Ta yanko kamar faɗin tafin hannu, daidai wurin ƙarin, ta ƙulle a bakin zanenta.

Bayan mako uku wata mata mai suna Munawwara ta iso daga garin Guéné, ƙafafunta duk sun kumbura da yawo. 'Yarta ta fita za ta Gaya, ƙetaren gulbi, wurin kakarta, ba ta isa ba, ba ta dawo ba. Karimatu ta jawo ta rumfar. Rahila ta kwance ƙyallen ta shimfiɗa a kan keke.

Matar ta dube shi, ta shafa ɗinkin da yatsa. "Ni na ƙara wanga baki," ta ce. "Tsawo ta yi, zanen ya gaza mata."

Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Rahila ta raka ta kabarin, ta tsaya nesa. Da matar ta gama addu'arta ta juyo, Rahila ta ga wani abu a fuskarta wanda ita ba ta samu ba: baƙin ciki ne, amma wanda ya sami wurin zama. Munawwara ta kama hannunta biyu ta ce, "Wa ya gaya miki abin da nika nema ke nan?"

"Babu kowa," in ji Rahila. "Ni ma shi nika nema."

A hanyar komawa ne ta gane. Duk Malanville akwai teloli da suka fi ta iya ɗinki, akwai masu ilimi, akwai masu iko. Amma babu wanda ya yi kwana arba'in yana duban itatuwa sai ita. Babu wanda ya san yadda riga ke koɗewa, da yadda zuciyar mai nema ke koɗewa tare da ita. Ranar Lahadin nan, da aka ɗauki waƙa ta biyu, matan zumunta suka ji murya daga bencin baya, suka waiwaya gaba ɗaya.

Ta samo babban littafin rubutu mai kwali, irin na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ta ɗinke ƙyallen atamfar a shafi na biyu. A ƙasa ta rubuta rana, da wurin da aka rufe yarinyar, da sunanta. Shafin farko ta bar shi fari. Sannan ta tafi wurin sarkin ruwa, ta same shi a inuwar jirgi yana gyaran ƙugiya.

"Sarki, roƙo na zo yi. Duk wanda ya tsamo gawa, kahin ya rataya riga, ya yanko mini tafin hannu guda, ya gaya mini wurin."

Issufu ya dube ta ta gefen ido. "Kakanninmu ratayawa sunka yi, ba su yanka ba."

"Ku rataya, Sarki. Ban hana ba. Amma itace bai hana rana cin riga. Ɗakina shina hanawa."

"To, ke da ba ki salla, mi ya haɗa ki da mamatanmu?"

"Kwana arba'in da na yi cikin jirginka, ka tambaye ni salla?"

Tsohon ya yi dariya har ƙugiyar ta faɗi daga hannunsa. "Wagga mata! Barnaba ya sha fama." Ranar kasuwa ya tara sarkawa ya faɗa musu.

Tun daga nan ƙyalle ya fara zuwa. Wani a cikin leda, wani a cikin hula, wani a naɗe da ganye. Rahila takan wanke shi, ta shanya a inuwa, ta goge, ta ɗinke a shafinsa. Takan tambayi wanda ya kawo: mace ko namiji, akwai tsaga a fuska, akwai zobe, wane itace ne kusa da kabarin. Ta koya wa masunta su yanko wurin da aka yi faci ko ɗinkin hannu, domin yadi iri ɗaya mutum ɗari na iya sa shi, amma faci na gida ɗaya ne. Shekarar da aka rufe gada, mutane suka koma ƙetarewa Gaya ta jiragen ruwa da kaya niƙi-niƙi, shafukan suka yi ta cika. Har jandarma, jami'an tsaro, in mai neman ɗan'uwa ya je wurinsu, sukan ce masa ya fara biyawa ta rumfar tela.

Duk wanda ya zo, sai ta zaunar da shi a benci, ta ba shi ruwa, kafin ta buɗe littafin. Ba ta taɓa ce wa kowa ya daina kuka ba. In Musulmi ne, takan bar shi ya yi addu'arsa, ita kuma ta sunkuyar da kai ta yi tata cikin sunan Yesu, a zuci. Gida arba'in da ɗaya suka sami nasu ta hanyar littafin nan. Ita kuwa kullum in za ta buɗe shi, sai ta wuce farin shafi tukuna. Addu'ar safiyar ba ta canja ba, sai dai ta sami ƙari: "Ina ka kai shi? To, kafin ka faɗa mini, wa za ka aiko yau?"

Bana da rani wani tsohon basarke mai suna Zahiru ya zo daga wata tunga ƙasa da Madekali, yana neman ƙanensa. Ya same shi a shafi na hamsin da takwas, ta wani facin gwiwar wando. Rahila ta sa aka raka shi har kabarin. Da ya dawo godiya, ya tsaya wurin Karimatu ya tambaye ta dalilin da ya sa shafin farko babu komai. Karimatu ta ba shi labari duka, har da shekarar, har da jan zaren aljihu, don ita ba ta iya ba da rabin labari. Tsohon ya tafi bai ko yi sallama ba.

Ranar kasuwa ta gaba sai ga shi da yagaggen wando. Rahila ta ɗinke. Ya zauna a benci har azahar, sannan ya tashi. Mako na biyu ya kawo wani wandon. Mako na uku ya kawo hula.

Karimatu ta leƙo, hayaƙin banda na bin ta. "Rahila, tsohon ga kayanshi ba su ƙarewa da yagewa? Baba Zahiru, in zawarci ne ka hito hili, mu ne dangin amarya. Kifi kwando biyu muka so, manya!"

"Karimatu, ji tsoron Allah, koma wurin kifinki kar ya ƙone."

Zahiru bai yi dariya ba. Da Karimatu ta saki labulen, ya jawo jakarsa ta fata, ya fito da wani ƙunshi. Leda uku ya kwance. A ciki akwai riga ruwan toka mai gajeren hannu, a ninke tsaf.

Ƙafar Rahila ta tsaya a kan keke. Ba ta buƙaci juya aljihun ba, ta san wuyan, ta san maɓallan. Duk da haka ta juya shi. Jan zaren yana nan, ko koɗewa bai yi ba.

"Ni na tsamo shi," in ji Zahiru, idonsa a ƙasa. "Kwana huɗu bayan iskar. Na ga mutum kamili, na ɗauka Musulmi ne. Na kira mutanen tunga, munka zuba mishi ruwa, munka sa shi a farin zanen matata. Ni na shiga gaba munka yi mishi salla. Munka kwantar da shi shina duban gabas. Na rataya rigar. Da marece na ce bari in duba aljihu ko akwai takarda. Sai na ga wanga." Ya nuna zaren da haɓa, bai taɓa ba. "Tsoro ya kama ni, Inna. Na ce na yi wa Kirista sallar da ba tashi ba. In malamai sunka ji, su ce na yi wasa da addini. In danginshi sunka ji, su ce na sace musu mamaci na musuluntar da shi a ƙasa, su kai ni jandarma. Sai na sauke rigar. Da kinka wuce cikin jirgin Issufu kina duban itatuwa, ina tsaye bakin ruwa. Na gan ki da idona."

Rahila ta rungume rigar a ƙirji. Shekara goma sha biyu suka dawo mata, da kwana arba'in ɗin, da bencin baya. Ta so ta yi masa ihu. Ta dubi tsohon da ya ninke rigar baƙo cikin leda uku ya hana gara taɓa ta.

"Baba Zahiru, ka sa ni wahala," ta ce. "Ba zan ce maka ba ka sa ni ba."

"Na sani."

"Zanen matarka ne ka ce?"

"Sabo ne. Ba ta taɓa ɗaura shi ba."

"Tashi ka kai ni."

Washegari da safe jirgin Issufu ya ɗauke su: Rahila, da Zahiru, da Issufu kansa, da pasto, da matan zumunta shida, da Karimatu wadda ta ce ko an hana ta sai ta je. Kabarin yana kan tudu, ƙarƙashin wata bishiyar giyayya. An kewaye shi da duwatsu jere uku. Mutanen tungar suka ce duk shekara kafin ruwa ya cika, Zahiru kan ƙara masa ƙasa shi kaɗai, ba su taɓa sanin dalili ba.

Tsohon ya matso da shebur a hannu. "Inna, in kuna son ku ɗauke shi ku kai shi cikin naku, ni zan fara haƙa."

"Ajiye shebur ɗin ga," in ji Rahila. Muryarta ta fito sarai, kowa ya ji. "Ubangijina Yesu ma da ya mutu, a kabarin wani anka sa shi, da likkafanin da wani ya kawo. Bai hana shi tashi ba. Wanda ya san inda Barnaba shike shekara goma sha biyu ban sani ba, ba zai ɓace mishi ba don ya dubi gabas. Ka ga ɗan Adam cikin ruwa, ka ba shi abin da ya fi daraja a wurinka. Na gode. Na yafe maka sauran."

Zahiru ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

Pasto ya yi sujadar ban kwanan da aka jinkirta. Rahila ta ba da waƙa, matan suka amsa, sarkawa suka tsaya gefe hannuwa a baya har aka gama. Ɗaya daga cikin matan zumunta, wadda ɗanta ke kwance ba lafiya tun bara, ta raɗa mata, "Inna Rahila, ta yaya kinka iya?"

"Ban iya ba, ɗiyata. Faɗa na yi ta yi da Allah, amma ban bar ƙofarshi ba. Ba zan ce miki abin ga daɗi ne ba, kuma ba zan ce don littafi anka ɗauke mini miji ba. Abin da na sani, ciwon bai tahi banza ba. Allah ya karɓe shi daga hannuna ya yi aiki da shi. Kuma ta cikin aikin nan amsata ta biyo."

Sannan ta ciro almakashi daga wuyanta, ta yanke aljihun, faɗin tafin hannu, yadda ta koya wa kowa. Sauran rigar ta miƙa wa Zahiru.

"Al'adarku ce, Baba. Cika ta."

Tsohon ya miƙe, ya share ido, ya rataya rigar a reshen da ke fuskantar ruwa. Issufu ya gyara murya ya ce da ma ya faɗa, matar nan ba a kayar da ita a magana. Karimatu ta ce to zawarcin fa, ya mutu ke nan? Har pasto sai da ya yi dariya.

Da la'asar Rahila ta koma rumfarta. Ta buɗe littafin a shafin farko, ta ɗinke aljihun a juye, jan zaren yana sama inda kowa zai gani. A ƙasa ta rubuta da hannunta mai kyau: Barnaba kafinta, mijin Rahila. Tudun giyayya, tungar Zahiru. An same shi.

Ta rufe littafin ta ajiye a wurinsa, ta jawo rigar makarantar da aka kawo mata tun shekaranjiya, ta ɗora ƙafa a kan keke.